Shin koyon na'ura zai iya nuna inda ruwa yake a ƙarƙashin duwatsu?

Tambayar da ka aiko daga Samaru ita ce, ƙungiyar da kake yi wa aiki tana shirin haƙa rijiyoyin burtsatse a wasu ƙauyuka da ke tsakanin duwatsu, inda rani ke da tsawo, inda kuma aka sha haƙawa ba a tarar da ruwa ba. An ba ku shawarar ku yi amfani da koyon na'ura ku zana taswirar wuraren da ake kyautata zaton akwai ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kai kuma kana son sanin yadda ake yin wannan taswira, da ko za a iya dogara da ita har a kai injin haƙa inda ta nuna.

Ana iya yin taswirar, Malam, kuma tana da amfani, amma aikinta shi ne ta rage muku faɗin wurin da za ku bincika, ta ce ku fara da wannan kwari kafin wancan tudu. Ita kanta ba ta ganin ruwa, domin babu tauraron ɗan'adam da ke hango ruwan da ke mita 40 a cikin dutse. Abin da na'urar take yi shi ne ta lura da kamannin wuraren da aka taɓa haƙawa, sannan ta nemo masu irin wannan kama a wuraren da ba a taɓa ba. Saboda haka ingancin taswirar ya fi rataya a kan bayanan rijiyoyin da aka ba ta fiye da ƙarfin kwamfuta ko sabuntar dabarar lissafi, kuma a cikin bayanan nan waɗanda suka fi daraja su ne na rijiyoyin da aka haƙa suka fito a bushe.

Kafin a taɓa kwamfuta, dole ne a san inda ruwa ke zama a irin wannan ƙasa. Zariya da mafi yawan ƙasar Zazzau suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, giranit da danginsa, wanda ake ganin kansa ya ɓullo a Dutsen Kufena kusa da Wusasa. Wannan dutse, muddin lafiyayye ne marar tsaga, ba shi da kafar da ruwa zai shiga. Nan ne ya bambanta da ƙasar Sakkwato ko yankin Tafkin Chadi, inda shimfiɗaɗɗen yashi da dutsen yashi suke riƙe ruwa a faɗin kilomitoci masu yawa. A kan dutse mai tauri ruwa yana samun mazauni a wurare biyu: na farko ruɓaɓɓen saman dutsen da ruwan sama da zafi suka marmashe a tsawon zamani, wanda kaurinsa zai iya zama mita 5 a nan ya zama mita 30 a can, na biyu kuma tsagogin da ke cikin lafiyayyen dutsen da ke ƙarƙashinsa. Ruɓaɓɓen sashen ne ke ajiye ruwan, tsagogin kuma su ne ke kawo shi cikin rijiya da sauri. Rijiya mai kyau ita ce wadda ta ratsa na farko mai kauri ta kuma dace da na biyu, kuma wannan ne dalilin da ya sa maƙwabta biyu a Tudun Wada za su haƙa burtsatse, tsakaninsu bai kai mita 50 ba, ɗaya ya sami ruwa mai yawa ɗayan ya tashi da ƙura.

Zariya dai ba za a kira ta busasshiyar ƙasar duwatsu ba, tun da tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara. Busassun duwatsu na haƙiƙa su ne irin Azbin a Nijar, da Tibesti a Chadi, da Ahaggar a Aljeriya, da wasu sassan duwatsun Atlas a Maroko da na Zagros a Iran, kuma Iran ɗin na cikin ƙasashen da aka fi gwada wannan dabara ta koyon na'ura a kansu. A Agadas ruwan shekara galibi ba ya kai milimita 200. A irin waɗannan wurare ruɓaɓɓen saman dutse siriri ne, wani wuri ma babu shi, sai mazauni na uku ya zama shi ne babba, wato yashi da tsakuwar da suka cika gindin ƙoramu. Ruwa yakan sauka a kan falalen dutse ya kasa shiga, ya gangaro da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i, ya cika ƙorama, sannan ya nutse cikin yashinta da kuma tarin tsakuwar da ke bakin dutse inda gangare ya ƙare. Lambunan Timiya da Iferwan a Azbin sun dogara ne da gajerun rijiyoyin da ke gefen irin waɗannan ƙoramu, haka kuma ƙoramar Telwa ta daɗe tana shayar da Agadas. Abin lura a nan shi ne wurin da ke da ruwan siririn zare ne a tsakiyar faffaɗar ƙasa marar ruwa, wani lokaci faɗinsa bai wuce 'yan gomomin mitoci ba. Duk matsalar taswira a ƙasar duwatsu daga wannan ƙanƙantar take tasowa.

Yadda ake aikin kuwa ba shi da wuyar fahimta. Ana raba yankin zuwa ƙananan murabba'ai, galibi mita 30 a kowane gefe, kowane murabba'i kuma a rubuta masa siffofinsa: tsayinsa daga teku, tsananin gangarensa, yawan ƙasar da ke zubo masa ruwa daga sama, nisansa daga ƙorama, nisansa daga tsagar dutse mafi kusa, irin dutsen da ke ƙarƙashinsa, irin ƙasar samansa, ruwan saman da yake samu, da koren tsirrai da ke kansa. Sai a kawo jerin rijiyoyin da aka san sakamakonsu, a nuna wa na'urar cewa wannan murabba'i mai siffofi kaza ya ba da ruwa, wancan mai siffofi kaza bai bayar ba. Daga nan ita da kanta za ta gano haɗuwar siffofin da ke tafiya da samun ruwa, ta ba kowane murabba'in da ya rage maki tsakanin 0 da 1. Makin nan ne ake shafa wa launi ya zama taswira.

Mafi yawan siffofin nan kyauta ake samunsu a intanet. Tsayin ƙasa yana fitowa daga awon SRTM da kumbon Endeavour ya ɗauka a watan Fabrairun 2000, ko daga na Copernicus wanda ya fi shi sabunta, kuma a ƙasar duwatsu na biyun na fi so, saboda awon SRTM na asali ya bar giɓi a wurare masu tsananin gangare da cikin rairayin Sahara. Hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat sun faro tun 1972, na Sentinel-2 kuma, masu nuna abin da ya kai mita 10, tun 2015. Ruwan sama akwai ƙididdigar CHIRPS da ta faro daga 1981, sai dai murabba'inta ya kai kilomita 5, kuma ma'aunan ruwan sama da ake daidaita ta da su ba su da yawa a kan duwatsu. Taswirar duwatsu da awon maganaɗisun ƙasa da aka ɗauka ta jirgin sama suna hannun Hukumar Binciken Ma'adinai da Duwatsu ta Nijeriya. Manhajar QGIS da harshen Python ko R sun isa aikin, kwamfutar cinya ta yau da kullum ma za ta ɗauka.

Game da zaɓen dabarar lissafi, wanda ɗalibai suka fi ɓata lokaci a kai, ba zan tsawaita ba. Dabarar Random Forest da Leo Breiman ya fito da ita a 2001 tana gina ɗaruruwan bishiyoyin tambaya, kowace ta duba wani ɓangare na rijiyoyin tana tambayar abubuwa kamar ko gangare ya wuce kaza, ko ƙorama na kusa, sannan a tara ƙuri'unsu. Tana jure bayanai marasa tsabta, kuma tana nuna siffar da ta fi tasiri. XGBoost, wanda shi ma da bishiyoyin tambaya yake aiki, yakan ɗan fi ta maki wani lokaci, amma ya fi saurin haddace bayanai idan rijiyoyin kaɗan ne. A ganina, idan rijiyoyinku ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, bambancin da ke tsakanin dabarun nan bai kai bambancin da gyara wuraren rijiyoyi 20 da aka rubuta ba daidai ba zai kawo. Fifikon da koyon na'ura yake da shi a kan tsohuwar hanyar AHP ta Thomas Saaty, inda masani ke raba wa siffofi nauyi da ra'ayinsa, shi ne a nan rijiyoyin ne ke yanke hukunci. Wannan fifiko yana nan ne kawai idan rijiyoyin sun faɗi gaskiya.

A nan ne babbar matsalar take. Rijiyar da ta yi ruwa ana ɗaura mata famfo, a kafa allo, a yi bikin buɗewa, a shigar da ita rajista. Wadda ta fito a bushe kuwa sai a cike ramin, injin ya matsa gaba, ba wanda ke son a tuna da ita, domin ɗan kwangila yana tsoron a riƙe masa kuɗi, mai safiyon da ya auna ƙasa ya zaɓi wurin kuma yana tsoron ɓacin sunansa. Sakamakon haka jerin da za ka samu a ofisoshi kusan duka na rijiyoyi masu ruwa ne. Na'urar da ba ta taɓa ganin gazawa ba ba za ta san kamanninta ba. Abin da masu bincike da yawa suke yi don cike wannan giɓi shi ne su sa kwamfuta ta watsa ɗigo-ɗigo barkatai a kan taswira, su ɗauka cewa duk inda ɗigon ya faɗa babu ruwa. A ƙasar duwatsu mafi yawan ɗigon nan a kan tsaunuka da gangare zai faɗa, rijiyoyin gaske kuma duk suna cikin kwari inda mutane ke zaune. Abin da na'urar za ta koya ke nan shi ne bambance kwari da kan dutse, wanda kowane makiyayi ya sani ba tare da kwamfuta ba. Tambayar da ke cin kuɗinku ita ce, a cikin kwarin nan guda, gefen gabas za a haƙa ko na yamma, kuma taswirar da aka gina da ƙirƙirarrun busassun rijiyoyi ba ta da abin cewa a kan wannan.

Akwai wata karkata da ke tafe da wannan. Ana haƙa burtsatse ne inda injin zai iya shiga da inda jama'a ko masu faɗa a ji suka nema, wato kusa da hanya da gari da makaranta da masallaci. Idan ka saka nisa daga titi ko yadda ake amfani da ƙasa a cikin siffofin, za ka ga na'urar ta ba su muhimmanci sosai, alhali titi ba ya kawo ruwa. Taswirar ta zama ta wuraren da mutane suka saba haƙawa. Duk siffar da ba za ka iya bayyana yadda take shafar shigar ruwa ko zamansa a ƙasa ba, cire ta, ko da tana ɗaga maki.

Sai kuma a tsayar da abin da ake nufi da samun ruwa tun kafin a fara. Famfon tuƙa-tuƙa yana wadatuwa da lita 0.1 zuwa 0.3 a daƙiƙa, wato daga lita 360 zuwa wajen 1,000 a awa, amma burtsatse mai famfon sola da tanki da zai shayar da unguwa ko lambu yana buƙatar ninkin haka sau da yawa. Nazarin da masanan Hukumar Binciken Duwatsu ta Birtaniya suka fitar a 2012 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na Afirka ya nuna cewa ruwan famfon hannu yana samuwa a wurare da yawa idan an zaɓi wuri da kyau, amma rijiyoyi masu ba da fiye da lita 5 a daƙiƙa ba su yawaita ba, musamman a kan dutse mai tauri. Idan aka haɗa rijiyar da ke tsiyaya da wadda ke ambaliya a aji guda aka kira su duka masu ruwa, taswirar za ta yi alkawarin da ba za ta cika ba. Lokacin da aka auna rijiyar ma yana da muhimmanci, domin a watan Satumba kusan kowane rami a ƙasar Zazzau yana da ruwa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, saboda haka awon Maris da Afrilu shi ne abin dogaro.

Idan an kawo muku taswira, za a nuna muku wani maki da ake kira AUC, wanda 0.5 ke nufin canki-canka, 1 kuma ke nufin babu kuskure, kuma sau da yawa za ka ga an rubuta 0.9 ko fiye. Kada wannan ya burge ka sai ka tambayi yadda aka yi gwajin. Abin da aka saba shi ne a cakuɗa rijiyoyin, a horar da na'ura da kashi 70 cikin 100, a gwada ta da sauran 30. Amma rijiyoyi a dunƙule suke a ƙauyuka, don haka rijiyar gwaji takan kasance 'yan mitoci kaɗan daga wadda aka yi horo da ita, tsayinsu ɗaya, dutsensu ɗaya, ruwan samansu ɗaya. Na'urar ba ta hango komai ba, maƙwabciya kawai ta gane. Gwajin gaskiya shi ne a ware kwari guda ko gundumar ƙauyuka gaba ɗaya, a horar da na'urar da sauran, a ga abin da za ta ce game da wurin da ba ta taɓa gani ba, sannan a maimaita da kowane yanki bi da bi. Makin yakan faɗi idan aka yi haka, wani lokaci faɗuwa mai yawa, amma wannan ƙaramin makin shi ne ya yi daidai da halin da za ku shiga ranar da injin ya isa sabon ƙauye. Haka nan na'urar da aka horar a kan dutsen Zazzau mai ruwan sama milimita 1,000 ba ta da hurumin yin magana a kan duwatsun Mandara da ke Gwoza, balle Azbin, kuma taswira mai amana takan bar irin waɗannan wurare ba launi maimakon ta yi musu shaci-faɗi.

Wasu siffofin suna buƙatar idon mutum. Layukan da ake ciro wa daga hotunan tauraro a matsayin tsagogin dutse, idan aka bar wa manhaja ita kaɗai, takan haɗa da tituna da iyakokin gonaki da layin wutar lantarki. Ko tsagar gaske ce, ba kowace ke ɗauke da ruwa ba, domin wata yumɓu ya toshe ta, wata kuma narkakken dutse ya cika ta ya daskare tun zamanin da, ko da yake irin wannan na biyun yakan tare ruwa a gefensa na sama ya zama alheri. Koren tsirrai kuwa alama ce mai ƙarfi a busasshiyar ƙasa, da sharaɗin a ɗauki hoton ƙarshen rani. Bishiyar da ta ci gaba da kore a watan Maris a inda ciyawa ta ƙone, saiwarta ta kai ga danshi, kuma jerin goriba ko giginya ko ɓaure a gefen busasshiyar ƙorama ya daɗe yana yi wa masu haƙar rijiya jagora. Sai dai a kula da lambunan da ake ba ruwa da injin, domin korensu sakamakon rijiya ne, kuma saka shi a lissafi tamkar ba wa na'urar amsa ne tun kafin tambaya. Sannan ga kuskuren wuri: idan an rubuta rijiya da tsakiyar ƙauye maimakon bakin ramin, ta kauce da mita 200, to a kwarin da faɗinsa mita 60 ne ta koma kan dutse, na'urar kuma za ta koyi cewa kan dutse na ba da ruwa.

Akwai abin da taswirar ba ta faɗa ko kaɗan, wato ko ruwan zai ɗore. Yashin ƙorama ƙaramin ma'aji ne da ambaliyar shekara ke cikawa, kuma idan aka jera masa famfunan sola masu ja daga safe zuwa yamma, ko damina biyu suka gaza a jere, gajerun rijiyoyin mutanen da ke ƙasa da ku su ne za su fara ƙafewa. Taurarin GRACE da aka harba a 2002 sun auna ƙaruwa da raguwar ruwan ƙasa har 2017, magadansu na 2018 kuma suka ci gaba da aikin, amma a faɗin ɗaruruwan kilomitoci, don haka ba su da amfani ga kwari guda. Abin da ke amfani shi ne a zaɓi rijiyoyi kaɗan a riƙa auna zurfin ruwansu kowane wata.

Idan taswirar ta fito, ku ɗauki wuraren da ta ba babban maki ku taka da ƙafa tare da dattawan ƙauyen da masu haƙar rijiyar gargajiya, waɗanda suka san inda aka taɓa cin karo da fa, da inda idon ruwa ke tsatsowa, da rijiyar da ba ta ƙafe ba a shekarun farin 1973 da 1984. Bayan haka a yi safiyo da na'urar lantarki, inda ake kafa ƙarafa huɗu a ƙasa, a tura wuta ta biyun waje a auna ta biyun ciki, ana ƙara buɗa su domin awon ya ƙara nitsawa. Lafiyayyen dutse yana hana wuta wucewa, ruɓaɓɓe mai ruwa yana barin ta, amma yumɓu ma yana barin ta alhali ba ya sakin ruwa, shi ya sa fassarar awon take buƙatar gwani. Inda ake neman tsaga, awon da ake ja a kan dogon layi ya fi na wuri guda. Idan an haƙa, a yi gwajin jan ruwa na sa'o'i masu yawa ana auna saukar ruwan da dawowarsa, a kuma kai ruwan ɗakin gwaji, domin wasu duwatsun giranit suna sakin sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, abin da ke ɓata haƙoran yara kamar yadda aka sani a yankin Kaltungo.

Idan kuka tattara kuka ga rijiyoyin da kuka tabbatar da wurinsu da sakamakonsu ba su wuce 30 ko 40 ba, kuma busassun cikinsu ba su kai a ƙirga ba, shawarata ita ce ku jinkirta koyon na'ura, ku yi aiki da taswirar duwatsu da hoton rani da safiyo, kuna tara bayanai. Ku nemi tsofaffin rahotannin haƙa a hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, da kundayen ɗaliban Sashen Nazarin Duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda da yawansu suna ɗauke da awon safiyo na ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Ku zauna da direbobin injin haƙa, domin su ne ke riƙe da tarihin ramukan da aka cike. A kwangilar da za ku bayar kuma ku rubuta cewa za a biya wani kaso na aikin ko da rami ya fito a bushe, da sharaɗin a miƙa wurinsa da aka ɗauka da GPS a bakin ramin, da zurfinsa, da irin ƙasar da ta fito a kowane mita 3, da zurfin da aka fara cin karo da lafiyayyen dutse.